Mai juyar kaset na gefen babbar kasuwar Garwa: na kai masa Dire Straits

Duk mai tsofaffin kaset a akwati ko ƙarƙashin gado a nan Garwa ta arewacin Kamaru, wanda yake so ya sake jin abin da ke cikinsu kafin zafin garin nan ya ƙarasa su, ya nemi wani ɗan shago a layin masu gyaran rediyo, gefen babbar kasuwa. Ba allo a ƙofar, ba suna. In ka tambayi yaran da ke tura waƙa a waya ina dattijon nan mai juyar kaset, za su nuna maka. Aikinsa guda ne: ya karɓi kaset ɗinka, ya gyara shi in ya samu matsala, ya kwashe abin da ke ciki ya zuba maka a memori ko filas. Mafi yawan masu zuwa wurinsa tafsiri suke kawowa, ko karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya, ko kaset ɗin da wani ɗan uwa ya aiko daga Makka zamanin da ake aika saƙo da murya. Ni kuwa waƙoƙin wasu Turawan Ingila na kai masa, Dire Straits. Aikin ya gamsar da ni ƙwarai, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya je, kuma zan faɗe su.

Na san za a ce me ya kai ni kashe kuɗi, alhali waƙoƙin nan duk suna intanet, tas da su, ba ƙura ba hayaniya. Gaskiya ne. Amma abin da ke cikin nawa kaset ɗin babu shi a intanet.

Na fara harkar mota ina yaron mota a ƙarshen shekarun 1980. Muna ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, mu gangaro dutsen nan da ke cin birki, mu wuce Garwa da Marwa zuwa Kusiri, mu tsallaka gadar Ngeli mu shiga Njamena. Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, Bahaushen Bamenda ne, haifaffen Abakwa, saboda haka Ingilishi a bakinsa yake. Mu kuwa 'yan arewa daga Hausa da Fulatanci sai ɗan Faransancin hanya. Yana da rikoda mai baki biyu a gida. Sai ya sayi kaset ɗin da ake shigowa da su daga Najeriya, ya juye waƙoƙin da yake so a wani sabo, bayan kowace waƙa kuma ya danna maɓallin ɗauka, ya yi bayaninta da Hausa, domin mu yaransa. Yakan ce ba ya son yaronsa ya riƙa kaɗa kai ga maganar da bai san me take nufi ba. Da ya rasu, iyalinsa suka ba ni kaset ɗin. Muryar nan tasa da ke tsakanin waƙa da waƙa ita na je ceto.

Da na zube su a kan teburin dattijon, bai yi saurin sa ko ɗaya a rikoda ba. Ya ɗaga na farko ya duba shi a hasken ƙofa, ya zura biro a ramin ya juya a hankali yana kallon yadda zaren ke tafiya. Ya ce, “Alhaji, wannan a mota ya zauna, ko?” Na ce ƙwarai, Malam, shekara da shekaru a gaban gilashi. Ya ce ai an gani, jikin ya karkace, in aka sa shi haka rikoda za ta cinye zaren. Sai ya kwance ƙusoshin, ya raba kaset ɗin biyu, ya ɗauke zaren da 'yan ƙafafunsa ya mayar da su cikin wani jikin mai lafiya. Ɗan soson nan da ke tokare zare daga ƙasa ya faɗi tun tuni, ya manna sabo. Inda zaren ya taɓa tsinkewa, wanda ni da hannuna na ɗaure shi da salatif a wata tasha, ya yanke da reza a karkace ya haɗa shi daidai wa daida. Sannan ya goge kan ƙarfen da ke karanta zaren da auduga da sifirit.

Abin da ya fi burge ni shi ne na bayan wannan. Ya sa abin ji a kunne, ya kunna kaset, ya ɗauki wata 'yar sukudireba ya riƙa murɗa wata ƙaramar ƙusa da ke gefen kan ƙarfen, kaɗan kaɗan, idonsa a rufe. Na tambaye shi. Ya ce kowace rikoda da irin karkatar kanta, kaset ɗin da aka ɗauka a wata in ka sa shi a wata sai ka ji sauti ya dushe, siraran sautuka sun ɓace. Sai an daidaita kan ya yi daidai da na rikodar da ta ɗauka tun farko. Ya miƙo mini abin jin. Yana murɗawa, ina jin farantan mai ganga suna fitowa fili, ƙarar yatsa a kan tsirkiyar jita tana bayyana. Ban taɓa jin kaset ɗin nan haka ba, ko lokacin da yake sabo, don a mota ƙarar inji ke cinye rabinsa.

Kuma ba ya gudu da zare. Kaset na tafiyar santimita 4.76 ne a daƙiƙa, haka yake barinsa ya tafi. Mai minti 90 minti 90 zai ci, yana zaune yana ji. Masu gaggawa kan juya da ninkin gudu, shi ya ce ba ya yi.

Wannan haƙurin yana da muhimmanci ga kiɗan Dire Straits fiye da na wasu, ga dalili. Mutanen nan ba masu cika kunne da ƙara daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Suna sauka ƙasa can har ka ɗauka kaset ya ƙare, sannan su taso. Ka ɗauki “Telegraph Road”, wadda ta buɗe kundinsu Love over Gold na 1982, mai tsawon sama da minti 14. Da wani siririn sauti take farawa, da ƙyar kake jinsa, sai fiyano da jita su shigo ɗaya bayan ɗaya. A tsohon kaset wannan farkon yana nutsewa cikin shuuu ɗin zare. Kwamfuta na iya share shuuu ɗin, amma in aka matsa mata sai ta share har da kiɗan. Dattijon ya yi mini gwaji biyu, ɗaya an share sosai, ɗaya an rage kaɗan, ya ce in zaɓa. Na farkon shiru ne tas, amma fiyanon ya koma wani iri, ba rai. Na zaɓi na biyu. Ya ce shi ma shi zai zaɓa, amma ba ya zaɓar wa mutum.

Bari in tsaya a kan waƙar nan, don ita ce ta fi zama mini a rai. Telegraph Road hanya ce ta gaske a jihar Mishigan ta Amurka, kusa da Ditroit, garin masana'antun mota. Mark Knopfler, mai rubuta wa ƙungiyar waƙa kuma mai jitarta, yana cikin motar da ke yawo da su a kan wannan hanya tunanin ya zo masa. Labarin da mutum ɗaya yake farawa, wanda ya taho a ƙasa da buhunsa, ya sauke a daji ya yi bukka ya yi noma. Wasu suka biyo shi. Aka gina wuraren ibada da makarantu, lauyoyi da dokoki suka zo, jirgin ƙasa da manyan motoci suka zo, turba ta zama titi mai layi-layi. Sai waƙar ta juya bakinta ba zato: yanzu mai maganar ma'aikaci ne da aka rufe wurin aikinsa, yana neman aiki babu, yana lallashin matarsa da cewa zai fitar da ita daga wannan hali. Daga nan magana ta ƙare, jita ta karɓa, ta yi ta hawa tana ƙara gudu har ƙarshe.

A kaset ɗin, da jitar ta mutu, sai ka ji ƙaras na maɓalli, ka ji gyaran muryar maigidana, sannan ya ce mu dubi tashar jiragen ruwa ta Garwa in muna so mu gane. Kuma haka ne. Iyayenmu sun ga lokacin da jirage ke hawo Binuwai daga Najeriya in damina ta cika kogi, a sauke kaya a ɗora auduga da gyaɗa, 'yan dako suna samun na kai wa gida. A 1982, shekarar da waƙar ta fito, aka kammala madatsar Lagdo. Tun kafin nan harkar tashar ta ja baya, kaya suka koma kan titi, wato suka dawo hannunmu mu masu mota. Mu muka ci moriyar abin da ya kwantar da wasu. Ya faɗi wannan a kaset ɗin da bakinsa, ya ce kada mu yi alfahari, hanyar da ta ɗaga mu wata rana za ta ɗaga wasu ta bar mu. Ina yaro na ji shi, ban ɗauke shi da nauyi ba sai da na ga an rage mana lodi ina da 'ya'ya a makaranta.

Abin da ya sa nake ganin girman mutanen nan ke nan. A Landan suka haɗu a 1977, su huɗu: Mark Knopfler da ƙanensa David, da John Illsley mai jitar bas, da Pick Withers mai ganga. Mark ya yi aikin jarida a garin Lids, ya karanci Ingilishi a jami'a, ya koyar, kafin kiɗa ya ciyar da shi. Ina jin aikin jaridar nan bai sake shi ba, don waƙoƙinsa na mutanen da ya gani ne da idonsa. “Sultans of Swing”, wadda ta fito da su a 1978, labarin wasu makaɗa ne da ya tarar a wata mashaya a kudancin Landan, suna kiɗa tsakaninsu da Allah alhali wurin kusan ba kowa, 'yan samarin da ke ciki ma ba su damu da su ba. Ɗaya daga cikinsu yana da aikinsa na rana, kiɗan don so yake yi. “Money for Nothing” ta 1985 kuwa bakin lebura ce, mai ɗaukar firji da talabijin a kanti, yana kallon mawaƙa a allo yana ƙorafin su ga kuɗi a banza shi ga ciwon baya. A wani kantin kayan lantarki a birnin New York Knopfler ya ji wani yana irin wannan maganar, ya rubuta. Akwai kalmar zagi mai muni a cikinta, maigidana ya ce ba zai fassara mana ita ba, kuma na ga dacewar hakan. Duk Bahaushen da ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ba shi daraja a gaban jama'a, zai gane irin wannan ido. Ni da na yi aikin, na san abin da ake ji in aka ce yau kai ne a cikin waƙa.

Sai hannun jitar. Knopfler ba ya riƙe ɗan robar nan da masu jita ke kaɗawa da shi, da naman yatsunsa yake fizgar tsirkiya. Shi ya sa sautin yake fita ɗaya-ɗaya, kowanne da bakinsa, wani a tausashe wani da cizo. Bahago ne ma, amma da dama yake kaɗawa. Ba mu kaɗai wannan hannu ya kama a yankin nan ba: Bombino, mai jitar nan Buzu na Agadas, ya sha faɗin cewa da kallon bidiyon Knopfler da Jimi Hendrix ya koyi abubuwa da yawa. Wannan taushin yatsa shi ne abu na farko da ke mutuwa in an juya kaset da ganganci, ko in an ƙara masa bas don ya girgiza sifika yadda yara ke so yanzu. A aikin dattijon yana nan da ransa.

Ba duk abin da suka yi nake so ba. “Walk of Life” ta yi mini sauƙi da yawa, ta rawa ce kawai, in ta zo wucewa nake. Kundinsu na ƙarshe, On Every Street na 1991, bai kama ni ba, ina jin gajiya a cikinsa, kuma a 1995 suka watse.

Amma “Brothers in Arms” daban ce. Ita ta rufe kundin 1985 mai wannan suna, wanda aka ɗauka a tsibirin Montserrat, ya zama na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a faifan CD, jimilla kuma ya haura miliyan 30 a duniya. An rubuta ta ne lokacin yaƙin tsibiran Falkland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, inda sojan Birtaniya 255 da na Ajantina 649 suka mutu. Soja ne ke magana, ya san ba zai koma gida ba, yana gode wa 'yan uwansa da ba su gudu sun bar shi ba, yana kuma cewa wauta ce mutum ya ɗaga makami a kan ɗan uwansa. Ba ihu, ba kirari. Muryar ma kamar rada take, jitar ce ke kukan. A shekarun da hanyar Mora zuwa Kusiri ta zama sai da rakiyar soja, daga 2014 zuwa gaba, muna jeruwa a bi mu gaba da baya, na sha kallon yaran nan a bayan motarsu, wasu ba su kai ɗana na fari ba. Wannan waƙar ce ke zuwa mini. A kaset, bayanta maigidana bai yi dogon bayani ba. Ya faɗi ma'anarta a taƙaice, ya yi shiru, ya ce Allah ya raba mu da ganin yaƙi, ya kashe. Shi Allah ya karɓi addu'arsa, bai gani ba.

A kan wannan waƙar ma dattijon ya nuna ya san aikinsa. Tana da dogayen sautuka da ake ja, in robar da ke juya injin rikoda ta saki ko kaɗan sai ka ji suna rawa. Ya ji hakan a ɗaukar farko, ya tsayar, ya canja robar, ya sake daga farko. Ban roƙe shi ba, ban ma lura ba sai da ya nuna mini bambancin.

To, sai inda raina ya ɓaci.

Akwai jikansa da ke taya shi, yaro mai ladabi, shi ke zama a kwamfuta ya yayyanka abin da aka ɗauka zuwa waƙa-waƙa. Da na zo karɓar kashin farko na sa a waya, sai na ji waƙa na bin waƙa, muryar maigidana babu ita. Na ce, yaro, ina maganar da ke tsakani? Ya ce, “Baba, ai na ɗauka surutu ne ya hau kan kaset ɗin, na goge maka shi.” Jikina ya yi sanyi. Na yi wa kakansa bayani tun ranar farko, amma saƙon bai isa wurin yaron ba, kuma ba a rubuta komai ba. Allah ya taimaka dattijon ba ya share ɗaukar asali sai mai kaya ya karɓa ya ce ya gamsu. Ya ba ni haƙuri, ya sake yankawa da kansa, bai karɓi ko dala a kai ba. Na yaba da wannan. Amma da kaset ɗin ya tsinke a ɗaukar, aka kuma share asalin, da shi ke nan. Shagon da ke riƙe muryoyin matattu bai kamata ya dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Babu rasit, babu littafi. Takarda ce ake yagowa a rubuta sunanka a ɗaure da roba, a ɗora a kan tulin na wasu. Na faɗa masa haka a gabansa, ya ce zai sayi littafi.

Na biyu, jira. In ya ce maka jibi, ka ƙara masa kwanaki. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne: in an ɗauke wuta ana tsakiyar kaset, sai an koma farkon gefen, kuma ba shi da batirin da zai riƙe masa na'ura. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, yana rufewa da azahar don kwanon shagon ba ya zaunuwa, kuma ya ce zafin ba ya yi wa zare kyau. Wani ɓangaren kuwa karɓar aiki ne fiye da ƙarfinsa, don ba ya iya cewa a'a.

Na uku ƙarami ne amma yana da ban haushi: sunayen waƙoƙin. Lamba kawai ake sa musu, 01, 02, 03, kowane kaset haka. In ka zuba su wuri guda a waya sai su cakuɗe. 'Yata da ke karatu a jami'ar Marwa ita ta zauna ta rubuta mini sunan kowace. In ka kai rubutattun sunaye tun farko, yaron zai sa maka.

Akwai gefe ɗaya da bai cetu ba, wanda ke da “Private Investigations”. Zaren ya manne da juna, fatarsa mai ruwan ƙasa tana zuba a kan ƙarfen. Ya nuna mini audugar da ya goge da ita, ya ce in ya matsa zai ƙarasa shi ne. Ya ciro abin da ya ciru, rabin bayanin maigidana ya fito, rabi ya tafi. Bai caje ni kuɗin wannan gefen ba.

Kuɗin aikin sefa 1,000 ne kowane kaset, in akwai gyaran jiki ko haɗin zare a ƙara 500. A ganina ya yi araha ga mutumin da zai zauna awa ɗaya da rabi yana sauraro. Ka je da memorinka mai kyau, kada ka sayi na teburin gaban shagon, ba nasa ba ne kuma ba su da ƙarko. Ka ce a zuba maka MP3 mai 320, wato mafi ingancin sauti, kada a bar shi a 128, don yaron yakan rage saboda wuri. Ka nemi a ba ka ɗaukar asali wadda ba a yanka ba, ka ajiye ta a wani wuri daban. In akwai magana a cikin kaset ɗinka, ka faɗa wa kaka da jika duka biyun, ka kuma rubuta a jikin takardar. Da safe ya fi, kafin kasuwa ta cika, ranar Juma'a kuma ba ya buɗewa sai bayan la'asar.

Saura mini biyu na Alchemy, kundin da aka ɗauka suna wasa a gaban jama'a a Landan, wanda ya fito a 1984. Jikinsu duk ya karkace, kuma ya ce irin jikin mai ƙusoshi da yake mayar da zare ciki ya ƙare masa. Duk mai tsofaffin kaset marasa amfani masu ƙusa biyar, ya kai masa, yana saye.